Masu Reno Iri-iri, Daga Liba Zuwa Jega

A da, a ƙasar Gwandu ba a cigiyar mai reno, domin gidan da aka yi haihuwa cike yake da bayan da za a goya yaro. Ga kaka, ga gwaggo, ga abokiyar zaman uwa, ga 'yan matan gida. Jinjiri kan wuni yana yawo daga wannan baya zuwa wancan, uwarsa ba ta sake ganinsa sai yunwa ta maido shi. Ɗan fari kuwa, alkunya ma ba ta barin uwar ta yi masa wasa a gaban mutane.

Zamani ya juya. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 ofisoshi suka yawaita, aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, ga kwalejin koyon aikin lafiya a Jega, ga asibitoci da makarantu. Mata suka zama malamai da ma'aikatan jinya da ɗalibai masu aure, suna zaune gidan haya, daga su sai mazajensu. Dokar ƙwadago ta ba mai jego hutun mako 12, likitoci kuma sun ce nono zalla har wata shida, shugaban ofis kuwa rajistar zuwa aiki kawai ya sani. Sai a ɗauki waya a kira gida: "Inna, don Allah a samo mani wadda za ta riƙe mani yaro." A baza cigiya a Liba da Mungadi da Andarai da Sambawa da sauran garuruwan Maiyama. Wadda za ta sauko daga mota da ƙunshin kayanta, da wuya ta fita daga cikin waɗannan ire-iren masu reno.

Kaka

Ita ce ma'aikaciyar da ta fi kowa daɗewa a wannan sana'a, kuma ba a taɓa yanka mata albashi ba. Ladanta goro, sai turmin atamfa in Sallah ta zo. Ba a kuma iya korarta. In jikan namiji ne, to mijinta ne, kullum tana yi masa gorin bai kawo cefane ba. In mace ce, kishiya ce ta zo ƙwace mata maigida.

Duk ciwon yaro a wurinta sunansa ɗaya. Zazzaɓi ne, gudawa ce, tari ne, ko daga gado ya faɗo: "Haƙori na, ɗiyata, bar shi." Kin bar mata sallahu kada a ba shi ruwa sai ya cika wata shida, ta ce to. Kina juya baya ta jawo ƙwaryar jiƙo daga ƙarƙashin gado tana mita: "Wanga zahi na Jega, a ce ɗan mutum ba shi shan ruwa? Ubanai da mi anka rene shi?" Ba ki da amsa, domin ga uban nan ƙato, har da tumbi. Gardamarku ba ta ƙarewa sai ƙarfe biyun dare, lokacin da yaro ya ƙi nono, ya ƙi jijjiga, ya ƙi kowa. Ta miƙo hannu ba tare da ta buɗe ido ba, ta ɗora shi a kafaɗa, kafin ki gyara ɗankwali ya yi barci.

Goyo mai goyo

In ka hango ta daga nesa ba za ka tantance wa ke goyon wa ba. Majanyi ya zagaye ta sau biyu, ƙafafun yaron na dukan ƙwaurinta. Ka tambayi dillaliyar da ta kawo ta shekarunta, ta ce: "Hajiya, babba ta, ƙaramin jiki ag gare ta." Babbar nan ko haƙoranta ba su gama famfara ba.

Kuɗin aikinta ba sa ratsa hannunta. Dillaliya ta cire nata, saura a kai wa uwarta tana tara mata kayan ɗaki. Ita ke raka ɗan gida makaranta da kwandon abinci, ta laɓe jikin taga tana saurare, har ta fi shi iya ƙirge. Ran da aka same ta ta ajiye jinjiri a gindin darbejiya tana carafke da sa'o'inta, a yi ta faɗa, a ce ba ta da hankali. Wanda ya damƙa wa 'yar shekara tara rai ya tafi ofis, ba a tambayi nasa hankalin ba. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara bakwai ga duk wanda ya ɗauki yaro ɗan ƙasa da shekara 12 aikin gida. Da yawa cikin masu karya ta, da turancinsu da digirinsu suke karya ta.

Mai waya

Ba ta tambayi albashi ba tukuna, sai da ta tambayi ko ana kawo wuta a unguwar. Hannu ɗaya na jijjiga yaro, ɗaya na murza TikTok. Ita da yaron sun sauke fina-finan Indiya fassarar Algaita tun daga farko har ƙarshe, ba su kuma yin fashin Daɗin Kowa. Uwa na ta ɗokin jin ɗanta ya fara cewa "Mama", sai rana ɗaya ya dubi ubansa ya yi masa barazana da muryar shugaban 'yan daba. Amfaninta ɗaya, ba a rasa ta a waya. Ko da yake in an kira, layin yana kan wani kiran.

Mai ɗanɗano

Ba ta yarda ta ba yaro abin da ba ta tabbatar da lafiyarsa ba. Cokali ɗaya don jin zafi, ɗaya don jin sukari, ɗaya don nuna masa yadda ake haɗiyewa. Gwangwanin Cerelac da aka yi wa lissafin mako biyu, kwana huɗu ya yi ƙara. "Anti, yaron nan akwai ci, tubarkalla!" Ran awo a asibiti, ma'aikaciyar jinya ta dubi kati, ta dubi yaro, ta dubi kumatun mai reno da ke sheƙi, ta tambaya a hankali ko wane ne cikinsu ake kawowa awo. Sai dai kafin a yanke mata hukunci, a leƙa kwanon da ake zuba mata nata abincin. Sau da yawa amsar tana can.

Gidan rediyo

Goyo shi ne lasisinta na shiga kowane gida. "Shina kuka na, nicce bari in zagaya da shi." Kafin azahar unguwa ta san maigida bai ci tuwon dare ba, ta san kuɗin leshin Hajiya, ta san wanda ya yi barci a falo. Da la'asar ta dawo da labaran maƙwabta, nan kuma Hajiyar da ta rantse za ta kore ta sai ta gyara zama: "Ke, bana son gulma. To, sai me matar tasa ta ce?"

Mai Dodo

Wannan ta gano hanyar da ta fi sauƙi. Ƙi cin abinci, Dodo. Ƙi barci, kura tana bayan ƙofa. Kuka, "ga mai allura nan tahe". Yaro ya yi lumus, uwa ta dawo ta yaba da tarbiyya. Sai ranar rigakafi, yaro ya hango farar riga tun daga bakin ƙofa, a tara mutum uku kafin a riƙe shi. Yana aji shida bai yarda ya fita fitsari da dare shi kaɗai ba, ana ta nema masa rubutu.

'Yar ci-rani

Ƙwazo gare ta, ga tsafta, ga fara'a, har uwar gida ta fara yi wa ƙawayenta alfahari. Ba ta san akwai kalanda a cikin kan yarinyar ba. Albasa na isa cira a Aliero, ko shinkafar fadama ta nuna, sai waya ta shigo: kakarta ta rasu. Wannan kakar ta rasu bara war haka, ta kuma rasu gab da Babbar Sallah. A yi mata gaisuwa, a ba ta kuɗin mota, ta ce kwana uku. Bayan wata biyu ta dawo da sabon zane da lalle, ko kuma a ga ƙanwarta ta iso da goron gayyatar biki.

Kada a yi saurin kiranta maƙaryaciya, ta iya lissafi ne. Aikin girbi ana tashi ake biya, kuɗi a hannu, ta kwana a ɗakin uwarta. Aikin reno kuwa sai wata ya mutu, shi ma sai in albashin Hajiya ya shigo.

Mai takarda

Ta gama kwalejin lafiya a Jega, takarda na cikin akwati, gwamnati ba ta buɗe ɗaukar ma'aikata ba. Ta zo da ma'aunin zafin jiki da littafin rubuta lokacin da yaro ya ci da lokacin da ya yi kashi. Ta san haɗa ruwan gishiri da sukari, ta san ranakun rigakafi da ka, tana tafasa fida. Ranar farko ta tambayi albashi da lokacin tashi da ranar hutu, uwar gida ta kira ƙawarta ta ce an turo mata 'yar ƙungiyar ƙwadago. In ta haɗu da Kaka a gida ɗaya, maigida kan tsiri zaman majalisa har goman dare.

Irinta ne ke gane cewa maimakon ta riƙe yaro ɗaya a gidan mutane, gara ta share ɗaki, ta shimfiɗa tabarma da katifu, ta karɓi yaran malamai da ɗalibai da yawa, kowa na biya. A Ingila tun 1892 wata mata mai suna Emily Ward ta kafa makarantar Norland don koyar da reno kawai. Yanzu tana garin Bath, ɗalibanta na sa yunifom mai ruwan ƙasa, ana koya musu har dabarun kare kai da tuƙin mota a kan santsi, kuma daga nan gidan sarautar ƙasar ya ɗauki mai renon Yarima George. A nan kuwa in budurwa ta ce reno ne sana'arta, sai a ce Allah ya kawo aikin yi.

Gwaggo ta amana

Dattijuwa ce, mijinta ya rasu ko aure ya ƙare, 'ya'yanta sun kama gabansu. An ɗauke ta don yaro ɗaya, ta reni biyar. Ta san kukan yunwa, ta san na barci, ta san na iya shege. Da tafin hannu take gane zazzaɓi kafin ya bayyana, kuma ba ta jin nauyin cewa a tafi asibiti yanzu. Ba ta ɗaukar tsinke a gida, ba ta fitar da zance. Yaran na kiranta Gwaggo, har sukan girma ba su san ba jininsu ba ce. Aibinta guda: ba a taɓa ɗan da ta rena a gabanta, ko da ubansa ne, ko da ɗan ya yi gemu. "Alhaji, in dai ina raye ba ka bugun yaron ga." Alhaji ya mayar da bulala.

Kowa ya san darajar da tarihin Musulunci ya ba Halimatus Sa'adiyya, wadda ta shayar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta kuma rene shi a ƙauyensu. Ana karanta wannan a Islamiyya da safe, da yamma a zuba wa Gwaggo ƙanzo.

Su kuma masu ɗauka

Zalunci ne a jera masu reno a bar iyayen gidansu. Akwai Hajiya "ai 'yar gida ce". Da zarar kin ji wannan kalami, ki san babu zancen albashi. 'Yar gida ce wajen wanki da shara da surfe da aiken kasuwa, amma ran da za a ɗinka wa 'yan gida kayan Sallah, sai a tuna daga Liba ta zo. Akwai Anti mai makulli, wadda ke kulle firji da sito da ɗakin barci, ta rataya makullan a jaka, ta bar abu ɗaya tak a buɗe a hannun yarinyar da ba ta yarda da ita ba, wato ɗanta. Akwai mai canji, wadda ta yi masu reno bakwai a shekara guda, kuma a faɗarta duk bakwai ɗin ne ba su da hali. Sai maigida, wanda yarinya ta shekara a gidansa bai san sunanta ba, "ke" kawai yake kira, ya kuma yi imani reno ba aiki ba ne, zama ne.

A 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma naira 70,000, Jihar Kebbi ta ƙara nata ya kai 75,000. Amma dokar albashin ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka mai reno ba ta cikin lissafi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya kan masu aikin gida tun 2011, da zancen hutu da albashi da sharuɗɗa bayyanannu, labarin bai iso tsakar gidajenmu ba. Alhali mai gadin rumbun albasa a Aliero ba ya kwana ɗaya sai an yi ciniki an yanke.

Gyaran ba shi da wuya: a ɗauki babba, a yanke albashi gaban shaidu, a damƙa mata a hannunta, a ba ta ranar hutu, ƙananan kuma a bar su su tafi aji. In an rasa yadda za a tsayar da farashi, ga shawara. A zaɓi Asabar guda, mata duk su tafi biki, a bar wa maigida ɗan wata tara mai fitar da haƙori tun daga sallar asuba. Ba waya, ba Kaka, ba majalisa. Bayan isha'i a ba shi biro da takarda ya rubuta abin da ya ga ya dace a biya. Ina kyautata zaton tun kafin la'asar zai aiko a tambayi Gwaggo ko dubu 75 ta yi mata kaɗan.