Man Fure a Leɓen Suruki

Mai wannan shafi har yau bai iya haɗa ido da surukinsa ba, kuma furen okid ne ya ja masa.

Nau'in Phalaenopsis yake reno, wanda asalinsa dazuzzukan Filifin da Indonesiya ne, inda yake maƙalewa a jikin bishiya. Shuka irinsa a gida wahala ce, domin ƙwayar ba ta da guzurin abinci, a daji sai da taimakon wata funfuna take tsira. Sai a 1922 Lewis Knudson na Jami'ar Cornell ya nuna yadda za a tsirar da ita a kwalba da sukari. Masu reno a gida kuwa dabararsu man keiki: sinadarin saitokainin, mai sa ƙwayoyin tsiro su rabu su yi toho, a kwaɓe cikin lanolin, maiƙon gashin tumaki. A ɓare ɓawon da ya rufe gaɓar sandar furen, a ɗiga man kamar ƙwayar gero, a jira makonni. In an dace jaririn tsiro ya fito, a raba shi da uwar bayan watanni, idan saiwarsa ta kai santimita 5. In ba a dace ba, wani reshen fure ne zai fito.

Mutumin namu yana durƙushe da tsinken sakace, yana lallaɓa ɓawon nan, aka yi sallama. Ya ajiye ɗan gwangwanin man a buɗe kan tebur, ya gaida Baba, wato surukin nasa, ya shiga kawo ruwa.

Hunturu ake yi. Da ya dawo, yatsan Baba yana cikin gwangwanin.

Yana tsaye da kofi a hannu ya ga yatsan ya fito da abin da zai ishi gaɓa hamsin. Ya ga ya hau leɓen ƙasa, ya bi shi daga dama zuwa hagu, a natse. Ya ga leɓe ya haɗu da leɓe, an murza. Sauran aka goga a bayan hannu. Akwai lokacin da zai ce "Baba, dakata", amma wa ya taɓa daka wa uban matarsa tsawa? Kafin ya gama zaɓen kalma mai ladabi, yatsan ya koma karo na biyu.

"Wannan man naka yana da kyau, yaro. A ina ake samu?"

"Baba, na... na fure ne."

"Haba, shi ya sa ba shi da ƙarni."

Ala tilas aka yi bayani, kai a sunkuye, aka kawo sabulu da ruwa. Maƙwabci da ya leƙo aron caja ya saurari komai da idon basira, sannan ya ba da fatawa. Kada a bar Alhaji ya zauna a rana, ya ce, tunda rana ke sa tsiro girma. A rage masa shan ruwa na mako biyu. In kuma an ga wani abu kore ya ɓullo, kada a yi gaggawar tsinkewa, a bari ya yi saiwa tukuna, tunda an ce abin da tsada.

Baba bai yi dariya ba. Ya tambayi kuɗin gwangwanin, aka faɗa masa, ya dubi tukunyar furen, ya dubi 'yarsa, ya nemi takalmansa.