Nuna Mini Allon Kwamfutarka

Daga shagunan buga takardu na Ƙanƙara zuwa ofisoshin sakatariyar Faskari da Sabuwa, hoton da ke kan allon kwamfuta ya fi katin shaida faɗin gaskiyar mai ita, domin shi ne kaɗai abin da ya zaɓa ba tare da maigida ya sa shi ba. Dubi dattijon mai shago da har yau koren tudun nan na Windows XP ke gaishe shi kowace safiya. A 1996 aka ɗauki hoton a Kalifoniya, Microsoft kuma ya daina kula da XP tun 2014, amma shi cewa yake abin da bai lalace ba ba ya son gyara. Maƙwabcinsa akawu ya sa hoton ɗansa, sai dai fayiloli sun rufe yaron ruf, kunne ɗaya kawai ke leƙowa tsakanin "wasiƙa ta ƙarshe" da "wasiƙa ta ƙarshe ta gaske". Ɗan siyasa kuwa allonsa kan riga bakinsa sauya sheƙa: ka ga hoton Oga ya koma hoton furanni, to an fara ganawar dare.

Wanda ya fi su aiki shi ne Injiniya, wanda shi ya naɗa wa kansa sarautar. Ya san cewa tun Windows 7 ana iya ɗaure adon kwamfuta, wato hotuna da launuka da sautuka, a fayil guda a ba wani, don haka yake yawo da filas a wuya kamar laya. Ka kai masa gyaran firinta, ka dawo da kibiyar linzami mai walƙiya da kwamfuta mai kukan zaki idan an kunna, firintar kuma tana nan yadda take. Kishiyarsa marowaci ne, wanda idan ka yaba adonsa ka roƙa sai ya ce ai wani abokinsa ne a Funtua ya sa masa. Abin tausayin shi ne mai Windows marar lasisi: an kulle masa sashen canza ado, ga rubutu a kusurwa yana tona masa asiri gaban kwastoma.

Za a ce wannan aikin banza ne a yankin da ke fama da 'yan bindiga da rashin wuta. Amma a Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomin nan uku da wasu maƙwabtansu, ai da filas da Bluetooth da Xender fayil ya riƙa tafiya hannu da hannu, kuma irin su Injiniya ne suka riga kowa iyawa. Yaron da ya koyi adana ado da kwafe shi ya koyi riƙe linzami da neman fayil, kuma ranar JAMB hannunsa ba zai yi rawa ba. Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: filas ɗin da ke raba ado shi ke raba ƙwayar cutar da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu. Wannan gaskiya ne, sai dai laifin na rashin bincike ne. Masu shaguna, ku bar yara su yi adonsu, amma kowane filas a tantance shi kafin a buɗe, ko da na Injiniya ne.