Yadda Ake Sharhin Wasan da Ya Girme Ka

Sharaɗin farko shi ne wasan ya girme ka, ko aƙalla ya girmi ɗan farinka. Duk wanda ya zo da wasan da jaruminsa ke magana da murya, har ana ganin yatsunsa biyar, yaro ne, a miƙa masa wasan ƙwallo ya koma gefe. Kai nemi irin su Wizardry na 1981, ko Ultima IV na 1985, ko Dragon Quest na 1986, inda ake damƙa maka jarumi a ce kai ne shi, ka yi ta yawo kana faɗa da dodanni har ya yi ƙarfi. In ka kunna, uwargida ta leƙo ta tambaya ko talabijin ɗin ce ta lalace, to ka dace da zaɓi.

Sai ka tanadi biro da littafin lissafi mai gida-gida. Wizardry ba ya ba ka taswira, kai za ka zana kowane lungu na kurkukun da hannunka, taku bayan taku. Dragon Quest na asali, wanda ya fito a Japan, ba ya ma ajiye inda ka tsaya. Haruffa 20 yake jero maka ka kwafe, na biyunsa kuwa na 1987 yakan kai har 52. Kuskure harafi ɗaya, wahalar wata guda ta bi shanun sarki. Tawa takardar na ajiye ta a kan tebur, wani yaro a gidanmu ya haɗa ta da tsofaffin takardu ya kai wa mai ƙosai. Kada mu tsaya a nan, abin bai warke ba.

Da ka shiga, za a kai ka gaban sarki. Ka rusuna, amma kada ka sa rai. Sarkin Dragon Quest an sace masa 'ya, dodo ya addabi ƙasarsa, fadar dodon ma ga ta can ana hangowa a ƙetaren ruwa. Abin da ya iya fitarwa daga baitulmali shi ne zinare 120, da fitila, da mabuɗin ƙofar da za ka fita. Takobin jan ƙarfe a kasuwar garin 180 ne. Kulki za ka saya, na 60, ka je ceton duniya da shi kamar ɗan sintirin unguwa.

Wannan rowa ita ke koya wa jarumi mugun hali. A yawancin wasannin nan za ka faɗa gidan mutane ba sallama, ka buɗe akwati, ka leƙa tukunya, ka kwashe abin da ke ciki, maigida na tsaye yana maimaita maka cewa akwai kogo a arewa. Ci gaba da kwasa, babu mai kai ƙara. Amma ka yi hattara da Ultima IV. Richard Garriott ya gina shi a kan kyawawan halaye takwas, ciki har da gaskiya da tausayi da tawali'u. Akwai makauniya mai sayar da kayan haɗa sihiri, za ka iya biyan ta ƙasa da kuɗin kayanta, ba za ta ce uffan ba. Wasan dai ya rubuta, kuma ba za ka kai ƙarshensa ba sai ka gyara hali. Ni a nan na gane cewa kwamfuta ma tana iya yi wa mutum wa'azi.

Faɗan kuwa tamkar sharo ne. Ka zuba wa dodo, ka gyara tsayuwa ya rama, babu mai shiga layin wani. Haka za ka yi ta zagaye a bayan gari kana dukan wani shuɗin curi mai murmushi sau ɗari, don kawai lambar ƙarfinka ta tashi daga uku zuwa huɗu. In an tambaye ka me kake yi tun la'asar, ce bincike.

Maganin nan mai tsada da ke cika rai da ƙarfi gaba ɗaya, wanda Final Fantasy ke kira Elixir, kada ka kuskura ka sha. Ajiye shi saboda babbar rana. In babbar ranar ta zo, ka ce wata na tafe. Gwani na gaske yakan gama wasa da jakarsa cike. Haka nan kada ka tambayi abin da ya sa a Final Fantasy VII na 1997, bayan an yi ta tayar da matattu da gashin tsuntsu a kowane faɗa, babu wanda ya tuna da gashin ranar da Sephiroth ya soke Aerith a ƙarshen faifan farko. Share hawaye kawai ka saka faifai na biyu.

Wurin adana wasa kuma, in ka gan shi, adana sau biyu. Tsakaninsa da na gaba yakan kai awa guda, a cikin awar nan kuwa ake ɗauke wuta.

Saura rubuta sharhin, kuma a nan ake gane ɗan gari. Kalmar gundura ba ta fitowa daga bakin gwani. Wasan da ya ci maka awa arba'in a banza, rubuta cewa yana koyar da haƙuri. Hoton da ba a bambance doki da akuya, ce yana barin tunani ya yi aikinsa. In ka gano cewa a Final Fantasy na farko, na 1987, lambar basirar mai sihiri ba ta ƙara wa sihirinsa komai saboda kuskuren masu shiryawa, kira shi gishirin zamanin. Kowane sakin layi ka yi wa yaran yanzu gori sau ɗaya. Maɓallin nan na gaggauta wasa da ke cikin manhajar wayarka, wanda ka danne tun daga farko har ƙarshe, tsakaninka ne da Mahaliccinka. Maki kuwa tara bisa goma, ko da rabin wasan ka tsaya.

Nawa sharhin na Dragon Quest na biyu yana nan tafe. Wanda duk ya sayi ƙosai aka ƙunshe masa a takarda mai haruffan Japananci 52, don Allah ya taimaka ya dawo min da ita, ko da mai ya jiƙa ta.