Taubashi, Ba Sammu Aka Yi wa Kekenka Ba

Ɗan Goggo, ina gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa, wato daga zaune. Ina fata Goggo tana lafiya, da iyali, da yaran shago waɗanda Allah ya jarrabe su da kai. Ban tambayi lafiyar keken ofalok ba, domin labarinsa ya zaga Aboabo, ya ratsa Sabonjida, ya iske mu a Zango. An ce keke yana tsallake, zare yana tsinkewa, bakin ɗinki yana fitowa a yamutse, kai kuma kana tsaye a kansa da hula a ƙeya, kana rantsuwa cewa telan da ke tsallaken hanya ne ya yi masa sammu. Har an ce ka karɓo rubutu ka yayyafa masa. Ruwa a jikin ƙarfe, Taubashi? In da can lafiyarsa ƙalau, yanzu ka saya masa tsatsa da kuɗinka.

Na ji jerin waɗanda ka ɗora wa laifi kafin ka kai ga maƙwabci. Ka zargi dumsor, wato ɗauke wuta, ka zargi mutanen Sin da suka ƙera keken, ka zargi mai sayar da zare, ka kori yaro ɗaya gida. Laifi tudu ne. In wuta ta yi ƙasa, injin da ke ƙarƙashin tebur ne zai yi nauyi ko ya yi zafi, wutar ba ta sa hannu a zare. Keken nan kuma ba baƙo ba ne a duniya. Tun shekarun 1880 kamfanin Merrow, a jihar Connecticut ta Amurka, ya fara ƙera masu ɗaure bakin yadi, a shekarun 1960 kuma mutanen Japan suka fito da ƙaramin na gida mai suna Baby Lock. Yau ga Juki da Pegasus da Yamato na Japan, ga Siruba na Taiwan, ga Jack na Sin. A masana'antun Bangladesh irin naka yana buga ɗinki fiye da 5,000 a minti ɗaya, daga safe har yamma, ba wanda ya taɓa ɗauko masa boka. Sai da ya shigo Tamale ya faɗa hannunka aljanu suka san da zamansa.

Ka san gyaran keke ne sana'ata. In na yi shiru, kullum sai ka ɗora kan keken a yalo-yalo ka kawo mini, ni kuwa in riƙa cin waken safe da ƙwai a aljihunka. Albarkacin Goggo zan buɗe maka, sai ka kasa kunne.

Kai a keken Butterfly ka koyi ɗinki, zare ɗaya a sama, ɗaya a ƙoshiya, shi ya sa ka raina wannan. Ofalok ba shi da ƙoshiya. Allura yake da ita, ɗaya ko biyu, da ƙugiya biyu, ta sama da ta ƙasa, da wuƙa biyu masu datse bakin yadi kafin allura ta sauka. Ƙugiyar sama tana shimfiɗa zarenta a fuskar yadi, ta ƙasa tana shimfiɗa nata a baya, su haɗu su sarƙe daidai bakin da wuƙa ta yanke, zaren allura kuma ya riƙe su daga ciki. In allura biyu ce, zare huɗu ke nan, mata huɗu ne a gida ɗaya: ka matsa wa ɗaya, wata ce za ta yi yaji. Kai da ɗaya ma sai an taya ka biko, ina kai ina huɗu?

Ciwonka guda ne, saurin hannu. Da ka ga ɗinki ya ɓaci sai ka dira a kan mamurɗan tenshan, ka juya wannan dama, wancan hagu, ka koma na farko ka ƙara masa, har ka manta inda ka same su. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Tenshan shi ne na ƙarshe a layi, akwai abubuwa huɗu a gabansa.

Fara da zira zare. Galibin kekunan da ake kawo mini da sunan tenshan ya lalace, zare ne ya kuskure hanya. Buɗe murfin gaba, za ka ga zanen hanya, kowane zare da launinsa. Ba ado ba ne. A yawancin kekuna ana fara zira ƙugiyar sama, sai ta ƙasa, allura a ƙarshe. In zaren ƙugiyar ƙasa ya tsinke, ka fara cire zare daga idon allura kafin ka mayar da shi, in ba haka ba sai su harɗe, kana taka keke ya sake tsinkewa. Wannan shi ne aljanin da yaranka suka ce yana tsinke zare sau goma a jere. Ka duba ƙarfen da ke riƙe da kwarkwaro, ya tsaya a miƙe, kowane rami daidai saman kwarkwaronsa. Na san ka mayar da shi marataya, hula a nan, tef a can, carbi a gefe. Sannan ka kama zaren da hannu biyu ka ja shi ya shige tsakanin faya-fayan tenshan har ƙasa. In a bakinsu kawai ya kwanta, ko ka murɗa har yatsanka ya yi kanta ba abin da zai matse. Dabarar ƙulla sabon zare da tsoho a ja ba laifi ba ce, amma ka yanke ƙullin kafin ya iso idon allura. Kai sai ka fizge shi da ƙarfin tuwo zafi, allura ta lanƙwashe, ka koma kana tambayar dalilin tsallake.

Ita allurar, yaushe rabonka da canza ta? In ji yaranka, tun kafin a buɗe gadar sama ta Tamale a 2022 take nan. Cire ta ka kwantar a kan gilashi ko madubi, in ta karkace za ka gani da idonka. Goga tsininta a farce, in ta yi kaushi ta gama aiki. Kuma ba kowace allura ce tasa ba. Babban ofalok irin naka DCx27 yake ci, DBx1 kuwa ta keken miƙe ce, ta fi tsawo, ƙugiya ba za ta kama zarenta daidai ba. Ka tura ta can ƙurya har ta tsaya kafin ka ɗaure, dogon kwarinta yana kallonka. Lamba 11 ga shifon da yadi mai laushi, 14 ga atamfa da shadda, 16 ga saƙi mai kauri. Allura ɗaya ba ta yi wa kowa, ko da kai hula ɗaya kake zuwa suna da jana'iza da ita.

Sai ƙura. Ɗauko matsefata ka buɗa faya-fayan tenshan ka leƙa. Za ka zaro wani dunƙule mai laushi, ja-ja, ɓurɓushin zare ne ya gauraya da jar ƙasar Tamale. Hunturun da ya wuce ne ya ajiye maka shi, damina ta zo ta jiƙa shi ya daskare. Ɗan wannan abin in ya zauna tsakanin faya-fayan, ba za su haɗu ba, zare ya riƙa wucewa sakaka. Ka ratsa ƙyalle mai tsabta a tsakaninsu, ka share wajen wuƙa da ƙugiyoyi da haƙora da buroshi. Kada ka hura da baki. Danshi yana kawo tsatsa, balle naka mai haɗe da goro. Keken da ke yanka yadi yana tara datti fiye da wanda ke ɗinki kawai, don haka shara kullum ce in an tashi, a kuma rufe shi da zane. Ka leƙa ɗan gilashin mai, in ya yi ƙasa ka ƙara, in ya yi baƙi ka juye. Farin man keke nake nufi. Na faɗa ne domin na san garin nan garin kaɗe ne, na kuma san rowarka.

Na huɗu wuƙa. Kai ne mai barin fil a jikin yadi ka tura shi haka nan, sai a ji ƙas, ka ce ba komai. Akwai komai. Bakin wuƙa ya ɓalle, daga nan ta daina yanka ta koma tauna, yadi ya fito da gashi-gashi, zare ya rasa inda zai kwanta. Ta ƙasa ana wasa ta ko a canza, ta saman ta fi tauri, ta fi daɗewa. Faɗin yanka ma yana da magana: in wuƙa ta ci yadi da yawa, za ka ga zare yana reto a iska a gefen baki, in kuma ta bar yadi da yawa, bakin zai naɗe a cikin ɗinki. A nan wuƙa ake matsawa kaɗan, ba tenshan ba.

To, in ka wuce waɗannan huɗun ɗinki bai daidaita ba, yanzu ka isa ka taɓa mamurɗi. Ga dabarar da ya kamata in sayar maka. Sa zare launi huɗu daban-daban, misali ja a ƙugiyar sama, kore a ta ƙasa, baƙi da shuɗi a allurai, ka ɗinka a farin ƙyalle. Mai laifi da kansa zai tona kansa. In ka juya baya ka ga ja ya zagayo, ko dai jan ya yi sako-sako ko koren ya matse. In kore ne ya hau fuska, akasin haka ne. Fara da sassauta wanda ya matse kafin ka matse wanda ya saki. In zaren allura ya yi 'yan kunnuwa a baya, ko ka buɗa haɗin ka ga yana washe haƙora, zaren allura ne ya saki, ƙara masa. In layin ɗinki ya tattare, ya matse ne, rage. Mamurɗi ɗaya a lokaci ɗaya, juyi kaɗan, ka gwada, ka duba, sannan ka ƙara. Ka kuma gwada a guntun yadin da za ka ɗinka, ninki biyu kamar yadda za ka haɗa shi. Ba a gwaji da tsumma a afka wa shaddar ango.

Saura abu ɗaya da na tabbata ba ka san yana jikin kekenka ba. Haƙoran da ke jan yadi jeri biyu ne, na gaba da na baya, akwai kuma ɗan hannu mai daidaita gudunsu. In yadin roba kake ɗinkawa ya miƙe ya yi tudu da kwari, ka ƙara gudun na gaba ya wuce 1, har zuwa 2 in ta kama. In yadi mai santsi ne yana tattarewa, ka sauko wajen 0.7. Matan da suka dawo maka da dogayen riguna bakinsu yana rawa, ka ce musu sabon yayi ne daga Kumasi, Allah yana kallonka.

Inda ban yarda ka sa hannu ba shi ne saitin ƙugiya. Tazarar da ke tsakanin tsinin ƙugiyar ƙasa da allura ba ta kai kaurin takarda ba, kuma a ƙayyadadden lokaci suke haɗuwa. In ka canza allura, ka sake zira zare, ka share, tsallake bai daina ba, ko kana jin ƙarfe yana bugun ƙarfe, to saiti ya goce. Ajiye sukundireba. Wannan aikin manya ne, ka kawo mini, ka zo da sidi a hannu, ban da bashi.

Dalilin wannan dogon wa'azi shi ne bikin Damba ya ƙarato, na kuma ga tulin saƙin da aka jibge maka, na Daboya da na Yendi. Masaƙi ya ɓata kwanaki yana jefa ƙoshiya, marini ya tsoma hannu a baba har ya yi shuɗi, ƙarshe kaya ya faɗo wurinka. Saƙin hannu in aka yanka shi warwarewa yake yi, ɗaurin baki ne kaɗai ke tsare shi. Rigar batakari kuwa ba ta rufa wa tela asiri. Ranar Naa Damba, in mai rawa ya juya a ƙofar fadar Gulkpe Naa, rigar buɗewa take yi ta tashi sama, cikinta ya bayyana ga duk wanda ke tsaye. Irin rigar da Nkrumah ya sa a daren 6 ga Maris 1957 ya shelanta 'yancin Ghana, ita ce za ka bari zare yana bin mai ita a baya? In aka tambayi wanda ya ɗinka, ba sunanka kaɗai za a kira ba, cewa za a yi ɗan gidan su wane ne, a haɗa da ni. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau ɗin nan ka zauna ka bi su ɗaya bayan ɗaya: zare, allura, ƙura, wuƙa, sannan tenshan.

Ka aika a dawo da yaron da ka kora, ba shi da laifi. Yarinyar nan da ta shiga shekara ta biyu a shagonka, na ga yadda take zira zare, ta fi ka natsuwa, ka bar mata keken ka koma yanka da awo da cika baki, inda Allah ya yi maka baiwa. Ka je ka ba maƙwabcinka haƙuri, ka haɗa masa da goro. Sannan wutar bikin Bugum ta daɗe da mutuwa, kuɗin sharata na bana bai iso ba, na bara ma haka. Ka aiko su kafin Juma'a, in ba haka ba mako mai zuwa zan rubuta labarin wandon da ka ɗinka wa liman ƙafa ɗaya ta fi ɗaya.