Wa Zai Goya Baba Soja?

Ku gyara zama, mutanen fada, musamman kai Alhaji mai taɓe baki tun ba a ce komai ba. A Amurka akwai masu babura da ke tasowa daga jihohi masu nisa, da mansu da guzurinsu, su haɗu a Washington sau ɗaya a shekara saboda tsofaffin sojoji. Ba mai ba su ko dala.

Na ji ka, Malam. Wai ɗan babur ɗin da ya ƙi karɓar kuɗi a bincika, ƙila babur ɗin ba nasa ba ne. Allah ya shirye ka. A ƙarshen watan Mayun 1988 aka faro abin. Wasu da suka yi yaƙin Biyetnam, irin su Ray Manzo da Artie Muller, suka ga gwamnati ta yi gum da zancen 'yan uwansu da aka kama ko suka ɓace a can, suka ce to ita ma ba za ta yi barci ba. Babura wajen 2,500 suka tashi daga harabar Pentagon zuwa bangon da aka zana sunayen sojoji sama da 58,000 da yaƙin ya ci. Rolling Thunder ke nan. Duk shekara sai sun dawo, har taron ya kai dubban ɗaruruwa, ya zama mahaɗar tsofaffin abokai masu furfura da tumbi, kowa na tambayar ina wane. A 2019 masu shi suka yi na ƙarshe, wata ƙungiyar tsofaffin sojoji ta karɓa ta ci gaba.

Akwai kuma Patriot Guard Riders, da suka samo asali a jihar Kansas a 2005. Wasu 'yan wani coci sun tsiri zuwa wurin jana'izar sojoji da kwalayen zagi. Sai masu babura suka riƙa jeruwa da tutoci tsakanin mazagan da masu makoki, in ihu ya yi yawa su murɗa totur ya danne shi. Kuma ba sa zuwa sai iyalan mamaci sun gayyace su. Ka ji ladabi, kai da ba a taɓa gayyatarka walima ba amma ba a taɓa yin ta babu kai ba.

Yanzu za ku ce ai waɗannan ƙoshi ne ya yi musu yawa, mu nan Konni ɗan kabu-kabu abin da zai kai gida yake nema. Gaskiya ne, kuma tun da Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023 man kwalba ma ya daina zama na banza. To amma ku gaya mini, ranar kai amarya su wa ke cika titi da ƙura, mutum uku-uku a kan Kasea, ana oda kamar za a tsaga gari? Wa ya biya su? Na tarbar ɗan siyasa tun daga mararrabar Tsarnawa kam na yarda, ana ba da na mai, wani lokaci har da riga. Amma in ɗayansu ya rasu, ku da kanku kun ga yadda tasha ke watsewa, a bar fasinja tsaye a bi gawa har maƙabarta. Ashe sun iya rakiya kyauta. Wanda ake rakawa ne kawai bai taɓa zama tsohon soja ba.

Kun kuwa san shi. Yana tsaye bakin kwalta da tsohuwar rigar kaki da ta sha guga, takardunsa ƙunshe cikin leda biyu, ɗaya cikin ɗaya, don kada gumi ya taɓa hatimi. Yaro ya ja birki ya ce, "Baba, ina zuwa?" Ya faɗa. "Dala arba'in." Baba ya laluba aljihu ya fara ciniki da muryar da ta taɓa ba da oda a fareti. Wani yaron ya ce, "Hau kawai, Baba, Allah ya ba mu albarkacinku." Wani kuwa ya ba babur wuta ya bar shi da hayaƙi.

Mutanen nan sun sha jira. Kakanninsu da suka yi wa Faransa yaƙi, dokar 1959 ta daskarar da fanshonsu, Bafaranshe na karɓar nasa yana ƙaruwa, nasu na nan inda aka bar shi. Sai a 2002 aka fara gyara, ba a daidaita duka ba sai 2011, lokacin da yawancinsu ƙasa ta riga ta rufe musu ido. Na bayansu sun je Saudiyya lokacin yaƙin Tekun Fasha, sun je Kodebuwa da Mali, sun yi gadin Diffa. A Inates ranar 10 ga Disambar 2019 sojoji 71 aka rasa, a Cinagodar ranar 9 ga Janairun 2020 aka rasa 89. Kowannensu ya bar wani a gida.

Ga Malam can ya ɗaga yatsa, ya tuno tarihi: ai sojan Faransa ne suka afka wa Birnin Konni a Mayun 1899. Haka ne, ayarin Voulet da Chanoine, kuma ba sa bin wani Bakonne bashin godiya. Sai dai ka ƙarasa karatun, Malam: bayan wata biyu sojojin nasu ne suka bindige su duka biyun. Baban da ke bakin kwalta kuwa ko kakansa ƙila lokacin yana goye.

Hujja ɗaya ce taku da ba zan yi wa dariya ba. Yau a karkara in aka hango ƙurar babura da yawa, ba wanda ke tsayawa tambayar ko ɗaurin aure ne. Abin da ya sa aka hana hawan babur a sassan Tilaberi a Janairun 2020 ke nan, kuma kisan da aka yi a yankin Tiliya a Maris 2021 a jiharmu aka yi shi. Saboda haka ba wanda ya ce a kwashi babur ɗari a nufi Malbaza ko Illela ba sallama. A nemi izinin hukuma, jandarma su sani, a tsaya cikin gari da rana tsaka. Kowace tasha ta san tsofaffin sojojin unguwarta da matan da aka bari da marayu. Ranar biyan fansho a kai su a dawo da su, ranar asibiti haka, sau ɗaya a shekara kuma a tara su a yanka ko akuya ce, a bar su su yi ta ba da labarin da kowa ya riga ya haddace.

Kai kuma Alhaji, tunda ka rantse ba yaron da zai yarda, an sauƙaƙe maka: ba sai ka hau ba, ƙugunka ma ba zai ɗauka ba. Lita biyar aka yanka maka, kuma a gaban shaidu za ka biya, don mun san yadda aka ƙare da kai a kuɗin shayi.