Taubashi, Ka Ɗaure Hannunka

Taubashina na Gurbin Bore, an ce wai kana cika baki a majalisa cewa in Allah ya hore maka, gidan da ake sarrafawa da ishara za ka gina: ka ɗaga hannu fitila ta kama, ka yafito fanka ta juya. To, bari in yi maka gata tun kafin ka sayar da tumakin Inna.

Abin ba tatsuniya ba ne. Tun 2010 kamfanin Microsoft ya fito da Kinect, kyamarar da ke bin gaɓoɓin mutum, har likitoci a Kanada suka riƙa juya hoton majinyaci da ita ana tsaka da tiyata, ba tare da sun taɓa komai ba. A 2015 BMW ta yi motar da in ka kewaya yatsa a iska, rediyo ya ƙara murya. Sai dai duk na masu natsuwa ne, kai kuwa Allah bai yi ka da hannu mai zama wuri ɗaya ba. Na ga cinikinka a karar Shinkafi: ka tafa, ka buga cinya, ka nuna sama, ka dafe ƙirji, duk a kan akuya guda. Ka yi wannan a falo, ai kafin ka ce "albarka" fitila ta mutu sau bakwai, ƙofa ta kulle baƙi a waje.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. Wayar Samsung tana ɗaukar hoto ne in ka ware mata yatsu biyar. A Koriya umarni ne, a Zurmi kuwa sunansa daƙuwa. Ka tsaya ɗaukar hoto Kawu na tahowa ta gabanka, ka ga yadda sanda ke aiki ba caji. Sannan kyamara ba ta san nuni da leɓe ba, wanda da shi kake aiken yara tun safe, don ƙiwa ta hana ka ɗaga yatsa.

Ka fara samun wutar da za ta kwana tukuna. Kuma watan cika-ciki ya ƙarato, kuɗin sharata a tafin hannu nake son su. Jinjina daga nesa ba ta biyan bashi.