Ɗan aike ba ya gyara takardar gida

A rigimar da ke tsakanin mai koyon Linux da baƙin allonsa, ni ina bayan allon, kuma ba na jin kunya. Yadda abin ke faruwa ke nan: bawan Allah zai rubuta ɗan fayil na umarni, ya sa export a ciki don ya ƙara wata hanya cikin PATH, ya kunna, babu kuskure babu ƙorafi. Ya leƙa PATH, ya tarar da shi yadda kakanni suka bar shi. Sai ya sake kunnawa, ya doki Enter da ƙarfi ko bai ji ba ne da farko. Daga nan ya ƙara sudo, ya tara manya a kan maganar da ba ruwansu. Kafin asuba ya yanke hukunci cewa kwamfutar ce aka yi wa asiri.

Babu asiri. Tun fitowa ta 7 ta Unix daga Bell Labs a 1979, wadda ta zo da shel ɗin Stephen Bourne, haka tsarin yake. Idan shel ɗin Bash zai kunna wata manhaja, sai ya haifi ɗa ta hanyar fork, ya miƙa masa kwafin bayanan muhalli irin su PATH da HOME ta execve. Kwafi fa, ba asali ba. Uwa ce ta aiki yaro kasuwa da kwafin takardar cefane, ya soke daddawa ya rubuta alewa, alhali takardar gida na nan ƙarƙashin matashi. Ɗan na gama aiki ya mutu, gyaransa ya bi shi kabari.

Za a ce, ai cd tana sauya wuri kuma sauyin ya zauna. Ƙwarai, domin cd ba ɗa ba ce, a jikin shel take, kuma wannan dalilin ne ya sa aka dasa ta can. Tsofaffin hannu za su tuna cewa a MS-DOS, SET na cikin fayil ɗin BAT kan ɗore. Ya ɗore ne saboda COMMAND.COM da kansa ke karanta layukan, wato abin da source ke yi a Bash. Shi ya sa ake buɗe keɓaɓɓen muhallin Python da source, shi ya sa ssh-agent ke buga layuka kawai ya jira a karɓa da eval. Ƙofa na nan, amma daga ciki ake buɗe ta.

Hujjar masu sukar tsarin da ta fi cizo ita ce, muguwar manhaja na iya rubutu cikin .bashrc ta jira gobe, to ina amfanin katangar? Na yarda ba ta tare ɓarawo ƙwararre. Sakarci take tarewa, shi kuwa ya fi ɓarayi yawa. Da kowane fayil da aka kwaso daga intanet na iya taɓa PATH ɗinka, da kuskuren harafi ɗaya na wani da ba ka taɓa gani ba ya isa ka buga ls a ce maka ba a san shi ba.

Masu taurin kai kuma sukan ɗauko gdb, su daskarar da uwar, su cusa hannu cikin ƙwaƙwalwarta. Ubuntu ba ta ma barin ɗa ya yi wa uwarsa haka sai da sudo. Tiyata guda, da izinin hukuma, duk don gudun buga ɗigo ɗaya da tazara, wato source a taƙaice, kafin sunan fayil.